Mai Karɓar Gadi

Kwana goma sha ɗaya ke nan matar mai gadi ba ta yi barcin kirki ba, ga cikinta wata takwas. Idanunta sun faɗa kamar rijiyar rani, ƙafafunta sun kumbura har sai takalmin mijinta take sawa. A asibiti an ce jaririn lafiyarsa ƙalau, amma jinin uwar yana hawa. In ba ta samu barci ba, wataƙila a ciro shi kafin lokacinsa.

Mai gadi ya san dalilin, ko da yake ba su taɓa maganar ba. Shekara biyu da suka wuce ta kwanta da ciki yana motsi, ta farka ta ji shiru. Shi ya sa yanzu da gyangyaɗi ya ɗauke ta sai ta zabura, ta dafe ciki da hannu biyu tana jiran shuri.

Ya dafa mata madara, ya toshe taga da bargo, duk a banza. Yakan ce a ransa, da barci ruwa ne da ya juye mata nasa a kofi. Ran da ya dawo daga aiki da safe ya tarar tana gaida labule kamar baƙo, tana tambayarsa mutanen gida, sai ya tari mota ya kai ta wurin wata tsohuwar malama mai karantar da mata a bayan shagon gyaran keke.

Ɗakin ƙarami ne, littattafai har bakin taga. Ƙarƙashin kujera akwai wani kunkuru da aka ce ya girmi mai ɗakin, yana barcinsa abin haushi.

Malama ta ce, "'Yata, kina addu'ar kwanciya?"

"Ina yi, Inna. Baki ne yake yi, ido ba ruwansa." "Kowa na cewa barci ƙanin mutuwa ne. Wancan karon na buɗe wa ƙanin ƙofa, yayan ya biyo shi."

Mai gadi ya sunkuyar da kai. Malama ta daɗe tana jan carbi, sannan ta juyo kansa.

"Kai kuma, ɗan nan, mece ce sana'arka?"

"Gadi nake yi, Inna, a sito na siminti."

"In ka gaji sai ka tashi ka tafi gida?"

"Ina fa. Sai na safe ya zo. In ba shi makulli da tocila, in faɗa masa abin da na ji da abin da na gani, ya ce ya karɓa."

"In bai zo ba fa?"

"Sai in zarce."

"To ga wadda ta zarce kwana sha ɗaya a gabanka, kai kana can kana tsaron siminti, kamar siminti zai yi ƙafa."

Ta kama hannun matar. "Mai tsaro na gaskiya ba Ya gyangyaɗi, ba Ya barci, kuma ba ke ba ce, ba wannan mai idon mujiyar ba ne. Wancan karon ba barcinki ne ya jawo ba. Amma na san wa'azi ba ya shiga kunnen da ya gaji. Miƙa wa mijinki gadin. Asibiti kuma kada ku fasa komawa."

Aka shimfiɗa mata tabarma, ta kwanta a gefen hagu. Ta ɗauki hannun mijinta ta ɗora a kan cikinta, amma ba ta sake shi ba.

"Nan yake so, ƙarƙashin haƙarƙari. Wani lokaci shaƙuwa yake yi, kada ka ƙirga ta a shuri. In aka yi awa ɗaya shiru, ka tashe ni. Malam, kada ka ji tausayina."

"Na karɓa," in ji shi, da muryar da yake faɗa a bakin sito.

Yatsunta suka yi ta matse masa hannu, suna saki, suna matsewa. Can suka saki gaba ɗaya. Bakinta ya buɗe kaɗan, numfashinta ya yi nauyi.

Ya zuba wa agogon hannunsa ido. Minti goma, shiru. Minti ashirin da biyar, shiru. A waje mai gyaran keke yana ta bugun ƙarfe, mai gadi ya ji kamar ya fita ya shaƙe shi. Ashe wannan ne gadin da take yi, ba sanda, ba tocila, ɓarawon ma ba a jin tafiyarsa. In ya tashe ta, ba za ta ƙara rufe ido ba. In bai tashe ta ba, ya ci amana.

Minti arba'in da bakwai. Ya dubi tafin hannunsa, duk ya yi kanta, ko ƙaya ba ya ji. A hankali ya janye shi, ya durƙusa, ya kwantar da kuncinsa a wurin da ta nuna. Ya riƙe numfashi.

Wata 'yar dunduniya ta tokare shi a kunci, da ƙarfi, kamar mai korar baƙo.

Bai ɗaga kai ba. Ya ɗaga wa malama yatsa ɗaya, ya ci gaba da jiran na biyu.