Faɗuwar Chabela

Tun da Efrain ya shigo gidan, hankalin Araceli ya ƙi kwanciya. Ƙaninta ne, ya ba arba'in baya, amma har yau hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Suna gama cin abincin rana ya nufi akwatin gilashin da ke falo. A ciki Chabela take, tarantular da Araceli ta shekara goma sha huɗu tana kiwo a nan birnin Tucson na Amurka, ƙatuwar gizo-gizo mai gashi da ta cika tafin hannu.

"Yaya, hoto ɗaya tak," in ji shi. "A wurin aiki an ce wai ba zan iya riƙe ta ba."

"Ba su yi ƙarya ba. Zauna a ƙasa tukuna."

"Haba Yaya, sai ka ce jaririya?"

Ai ta fi jaririya rauni. Mutane cizo suke tsoro, alhali Chabela ba ta taɓa cizon kowa ba. In ta tsorata, juya baya take yi ta karce cikinta da ƙafafu, gashi ya tashi kamar ƙaiƙayin gero ya shiga fata da ido. Shi ya sa masu kiwo ba sa ɗaukar ta a tsaye. Wanda ya razana zai yarfe hannu, cikinta kuwa ba ya jure faɗuwa.

Ya zauna yana gunaguni. Araceli ta lallaɓa Chabela ta hau tafinsa, ta ɗaga waya don ɗaukar hoton.

"Nan babu haske," in ji Efrain. Kafin ta buɗe baki ya miƙe ya nufi taga, ya kawo hannun daidai kumatunsa yana washe haƙora. Kai, wannan mutum!

Numfashinsa ya bugi Chabela. Araceli ta ga ƙafafun baya sun fara motsi.

"Kau da fuskarka! Sauke hannu!"

Ina! Gashin ya shiga idonsa, ya ƙwalla ihu ya yarfar da ita. Ƙarar faɗuwarta ba ta da yawa, kamar nunannen tumatir ya faɗi a kan siminti.

Araceli ta ruga kicin ta ɗebo garin masara, wanda masu kiwo ke toshe rauni da shi, ta durƙusa tana barbaɗawa inda cikin ya tsage. Ruwa na ta tsattsafowa. Haushi da tausayi sun cika ta.

"Idona, Yaya! Wuta yake yi!"

"Kar ka murza! Sa shi a famfo!"

Ta ƙara gari, ta jira. Duk mai kiwo ya sani: in tarantula ta kwanta rigingine, saɓa take yi, za ta tashi. In ta naɗe ƙafafu a ƙarƙashinta, shi ke nan. Ƙafafun Chabela na gaba suka fara lanƙwashewa, sannan sauran, ɗaya bayan ɗaya.

Efrain ya fito da tawul a fuska. "Za ta tashi, ko?"

Araceli ta miƙe ta ɗauki makullin mota.

"Taho mu je asibiti," ta ce. "Ita ta tafi. Kai da sauranka."