Mai Noman Kufan Rumawa

A Issawane, duk mai son magana da nashi na Libiya sai ya hau tudun da ke bayan rijiyar yamma, ƙarƙashin aduwar nan mai karkata, don nan kaɗai rezo, wato layin waya, ke kamawa. Nan Nana ta shimfiɗa tabarma wata Laraba da hantsi, ta zamna tana jiran taubashinta Malam Hashimu.

Abin da ya hawo da ita tudu ba ƙarami ba ne. Autanta Jatau ya daɗe a Libiya, damina tana zuwa tana wucewa ba shi gida, gonar ubanshi marigayi kuwa sabara da rairayi sun raba ta tsakaninsu. Abu guda ya rage da zai jawo shi: Raihana, ɗiyar Malam Hashimu, mai ɗinki a bakin kasuwa. Yaran na son juna, kowa ya sani, har dattawan da ke yi kamar ba su sani ba. Amma Malam ya kafe. Ya ce ba zai sa rana ba sai ya ga da idonshi inda yaron yake da abin da yake yi, don ya sha ganin waɗanda suka tahi da tasbaha suka dawo da taba a baki.

Safi, yayar Jatau, ita ke riƙe da salula. Can sai ga Malam yana hawowa yana haki.

"Tsohuwa, har kin riga ni? Na zaci sai an ɗauko ki a amalanke."

"Kai dai zamna kafin iska ta kwashe ka, ƙashi da rawani," in ji Nana. Taubasai ne, tun suna yara haka suke gaisawa.

Safi ta danna. Sai ga Jatau a cikin gilashi, ya yi ƙiba, ya yi haske, iska na kaɗa rigarshi. Ya gaida innarshi, ya rusuna ya gaida kawunshi kamar yana gabanshi. Nana ta ji sanyi a ranta. Farawa dai ta yi kyau.

"Yaro, ina kake aiki?" in ji Malam.

"Kawu, ai shi ya sa na ce a kira ni da hantsi, ina wurin yanzu haka. Bari in juya muku salular. Wallahi ba ku taɓa ganin irinshi ba."

Ya juya. Ƴan uwa, da ya sani da bai juya ba.

Wasu ginshiƙai ne na dutse, dogaye kamar giginya, tsaitsaye ba rufi a kansu. Wasu sun faɗi sun kakkarye a ƙasa. Ga ƙofa ƙatuwa wadda raƙumi da kayanshi zai shige, amma bayanta ba ɗaki. Ga hanya shimfiɗe da duwatsu har bakin wani ruwa shuɗi marar iyaka. Ba hayaƙi, ba akuya, ba kukan yaro ko guda.

"Innalillahi!" Nana ta dafe ƙirji. "Auta, yaƙi ya ci ku? Ina mutanen garin?"

"Inna, ba yaƙinmu ba ne. Sun mutu tun tuni. Garin Lubda ke nan, bakin Bahar Rum. Rumawa suka gina shi, tun zamanin Annabi Isa yana nan."

"Rumawan da Alƙur'ani ya ambata?" Malam ya matso.

"Su dai, Kawu. Haka masu wurin suka hwaɗa mani."

Malam ya ja da baya, ya dubi Nana. "Kufai ne ke nan. Ɗanki kufai yake wuni."

A nan gida, kufan tsohon gari ba wurin zama ba ne. In hanya ta bi da kai, ka yi sallama, ka yi addu'a, ka ƙara sauri, balle da rana tsaka. Waɗanda suka gaji wurin ba mutane ba ne. Ga shi ɗan Nana cikin kufai yake tun safe har la'asar, yana dariya.

Shi kuwa Jatau, da yake ya juya salular, ba ya ganin fuskokinsu. Murna kawai yake, yana tahiya yana nunawa.

"Ku ga wanga fili, nan suke taro. Ku dubi sassaƙa!"

Fuskokin mata ne na dutse jere a kan gini, kowace ta kai faifai biyu, idanu a zazzare, ga macizai sun nannaɗe cikin gashin kai. Saura kaɗan Safi ta yar da salula.

"A'uzu billahi," in ji Malam.

"Wanga kuma gunkin wani babbansu ne, kanshi ya ɓace."

Kan dai ya ɓace, amma sauran duk yana nan, ba riga ba wando. Nana ta kai hannu ta rufe idon Safi, Safi mai ƴaƴa huɗu.

"Inna, ki sake ni, ni ke riƙe da abin!"

"Riƙe da ido rufe!"

Nana ta saci kallon Malam. Leɓenshi na motsi, yatsunshi na jan tasbaha da ƙarfi kamar zai tsinke ta. Ta fara roƙon Allah a zuci ya kawo wani abin kirki cikin garin nan, ko guda. Sai ga shi kuwa: wani dogon dakali na farin dutse, sumul, da ramuka jere a kanshi.

"Yawwa!" ta ce da ƙarfi, don Malam ya ji. "Ga murhu. Ka gani, Malam, mutanen kirki ne masu ciyar da baƙi. Tukunya nawa za a ɗora nan ran biki!"

Jatau ya tuntsire da dariya. "Inna, ba murhu ba ne. Bayan gida ne."



"Jere?" in ji Nana, murya ƙasa-ƙasa. "Ba zana tsakani?"

"Ba komi. Wai nan manya ke zamnawa kafaɗa da kafaɗa suna hira. Ruwa na wucewa ta ƙasa."

Malam ya miƙa hannu ya jawo takalminshi. Nana ta san shi sarai: in ya sa takalmin nan ya gangara, maganar Raihana ta gangara tare da shi, Jatau kuma sai dai ta riƙa ganinshi cikin gilashi har ta mutu.

"Auta!" ta daka mashi tsawa. "Bar yawon banzan nan. Kawunka aikinka ya tambaya. Nuna mashi aikinka!"

"Au, to. Ga shi nan, Kawu."

Salula ta sunkuya ƙasa. Ga hauya mai dogon ƙota jingine da wani ginshiƙi, irin tamu, ruwanta ƙirar maƙeran Tasawa, da ita ya tahi. Kewaye da ita fili ne fes, an nome shi tas, ko tsinken ciyawa babu, an tattara ta tsibi-tsibi a gefe. Har ƙarƙashin duwatsun da suka faɗi an bi an share.

Malam ya tsaya, ƙafa guda cikin takalmi. Shi fa kafin ya zama malami manomi ne, kuma noma mai kyau ba ya wuce shi.

"Kai ka yi wanga noma?"

"Ni ne, Kawu. Aikina ke nan."

"Tona mani ƙasar in gani."

Jatau ya sa hauya ya tona. Ƙasa ta fito da duhu-duhu, da laushi, da ɓaraguzan tsofaffin tukwane ciki. Malam ya cire takalmin ya karɓe salular daga hannun Safi. Don ga abin da ke akwai game da kufai: ba mai son wuni cikinshi, amma kowa na son shuka shi. Inda mutane da dabbobinsu suka daɗe, nan gero ke fin mutum tsawo. Kufan tsohon Issawane, har gaban mai gari an kai ƙara a kanshi.

"Me kuke shukawa? Gero ko alkama?"

"Ba komi, Kawu. An hana. Ko kuɓewa."

"Ban ji ba."

"Ciyawa kawai nake cirewa, don baƙi masu zuwa kallo su ga duwatsu da kyau."

Nana ta ga Malam ya ga macizai, ya ga marar wando, ya ga dakalin nan, bai buɗe baki haka ba. Yanzu kam har tasbaha ta faɗi.

"Ka nome... ta tsiro... ka sake nomewa... ba shuka?"

"Haka ne."

"Duk daminonin nan?"

"Duka, Kawu."

"La ilaha illallahu! Gumakan nan, su da masu sassaƙa su da Allah, ba ruwana. Amma ƙato mai lafiya, da hauyar Tasawa a hannu, ya yi ta yi wa dutse noma, gonar ubanshi na nan tana kuka? Ɗiyata ba ta auren mai noman dutse!"

Nana ta runtse ido. Shi ke nan, ta ce a ranta.

"Ka ji ni da kyau," Malam ya ci gaba, yana nuna gilashin da yatsa. "In ruwan shuka ya sauka na ganka a gonar ubanka da hauyar nan, ran nan zan sa rana. In ya sauka ba ka nan, ka zaɓi guda cikin matan nan masu macizai a ka."

Salula ta juyo, ga fuskar Jatau. Dariyar ta tahi. Ya waiga ya dubi ginshiƙan nan, ya daɗe yana kallo, don a gaskiya yana son wurin.

"Kawu, garin nan duka rairayi ya taɓa binne shi, sai tono shi aka yi. Kullum in na tuna haka, gonar Baba ke zo mani a rai. Ina tahe."

Nan rezo ya ɗauke.

Jatau kuwa ya zo, hadari na haɗuwa a gabas, hauya ɗaure a buhu. Nana ba ta bari ya taka zaure ba sai da ya yi wanka da rubutun Malam, aka turara shi da kayanshi har yana tari. Ran da ya gan shi a gona yana shuka, Malam ya sa rana, Raihana ta ɗinka kayan aurenta da hannunta.

Abu guda dai bai bar Nana ba. Kafin amarya ta tare, ta sa Jatau ya kewaye bayan gidansu da sabon zana, ta zo ta duba, ta zagaya, ta leƙa ta ce bai isa ba, ya ƙara wani a kai.