Wuta a Gaban Sunan Na'Allah

"Wuta suka rubuta, Baba! Wallahi wuta, a gaban sunanka."

Jiddah ce, ko jakar makaranta ba ta sauke ba. Ranar aka kai ajinsu babban gidan tarihi na cikin gari. Can ta ga wata babbar riga cikin gilashi, aiki ya cika ƙirjinta, da 'yar takarda a ƙasa da Faransanci: Feu Na'Allah, brodeur, Briqueterie, wato sunansa da sana'arsa da unguwarsu.

Uwarta Safinatu tana tsince shinkafa a tsakar gidan hayar, ƙofarta na kallon ta tsohon, maƙwabcinsu Baba Na'Allah. Ta daɗe tana buga tafireta a wani kamfani kafin kiriz, wato karayar tattalin arziki, ta rufe shi, don haka ta san kalmar fuska biyu gare ta.

Baba Na'Allah ya janye kumburarriyar ƙafarsa daga kan tabarma. "Wuta? Ni da na yi wa limamai aikin riga? Wa ya ba su hisabi?"

"Ba wannan wutar ba ce, Baba," in ji Safinatu. "A murhu wuta ce. A gaban sunan mutum, marigayi suke nufi."

"Lahaula!" in ji matarsa Hansai daga madafa. "To wa ya cinye min tuwo jiya?"

Aka yi dariya, har da shi. Daga nan ya juya yana kallon akwatin zarensa.

"Shi ya sa," ya ce. "Manyan nan na ofis da ke cika min ƙofa, duk sun ɗauke ƙafa. Ashe an gaya musu na mutu."

Safinatu ta san ba haka ba ne. An zaftare albashi, masu riguna sun koma aikin inji na kasuwar Mokolo, shi kuma idonsa ba ya ganin kafar allura. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

"Ki kai ni su goge, Safinatu. Kafin Sallah, mutane su sani."

Zuwan farko suka tarar da kwaɗo a ƙofa, ma'aikata na yajin aiki. A na biyu ta tallafe shi suka hau matakala, yana tsayawa yana mayar da numfashi. Rabin fitilun zauren a mace suke. Suka wuce gumaka da ganguna da manyan zane-zane har gaban rigar. Wani dillali ne ya saye ta hannunsa tun ƙafa na da ƙarfi. Ya kai fuskarsa dab da gilashin, ya daɗe.

"Ta fi ni samun ɗaki," ya ce.

Jami'in da aka tura su wurinsa mutum ne mai ladabi, wuyan rigarsa ya sha faci. Ya saurari Safinatu da Faransanci har ƙarshe. Ya ce abin da dillali ya faɗa aka rubuta, gyara kuwa sai darekta ya sa hannu, darekta kuma sai ya ga takardar shaidar cewa mutumin yana raye.

"Me ya ce?" in ji tsohon.

"Wai a kawo shaidar kana da rai."

Na'Allah ya buga sandarsa a ƙasa. "Ga ni. Ce masa ya taɓa."

Jami'in ya buɗe hannuwa. Safinatu ta ce a ba ta tafireta ta buga wa rigar sabuwar takarda, aikin minti ɗaya ne. Ya ce zaren tawadar ya bushe tun bara.

Ta yi ta sintiri tsakanin ofisoshi har takardar ta fito, ta kai. Tsohon bai sake iya fita ba. Kullum ta shigo sai ya ɗaga kai daga filo.

"Sun goge?"

"Saura sa hannu, Baba."

"In wani ya zo da yadi, ki ce masa ina nan."

Ba wanda ya zo. Ya cika wata Talata da hantsi, ana ruwa, masu gasa nama na bakin titi suna ta ja da tukubarsu ƙarƙashin kwano. Kafin la'asar an kai shi.

Bayan sadakar bakwai Safinatu ta koma gidan tarihin. Jami'in ya miƙe da fara'a.

"Madam! Darekta ya sa hannu. Zaren tawada kawai muke jira."

"Ya rasu."

Ya yi mata ta'aziyya yadda ya kamata. Ya dubi takardar, ya juya ta, ya sa a aljihun tebur.

"To, ai kin ga, yanzu daidai take. An huta da gyara."

Ta fito ta zauren. Wasu 'yan makaranta sun yi layi gaban rigar, bibbiyu, hannu cikin hannu. Malaminsu ya sunkuya ya karanta musu takardar da ƙarfi. Wata yarinya ta ɗaga yatsa.

"Ya daɗe da mutuwa?"

"Tun zamanin da," in ji malamin. "Ku matsa gaba."

Layin ya matsa wajen ganguna. Safinatu ta tsaya har takun takalmansu ya ɓace, ta gyara mayafinta, ta sauka matakala ita kaɗai.