Kan Yumɓu na Gonar Gershon

Tun da aka gama tonon citta Mama Zipora ta tasa 'yarta Yemima a gaba: Legas za ta, ko ana ha-maza ha-mata. Tsohuwar da ko kasuwar Kwoi sai an yi da gaske take zuwa, wai ita ce mai Legas!

Dalili kuwa wani kan mutum ne na yumɓu, aikin mutanen zamanin da. Shekara talatin da suka wuce mijinta, marigayi Gershon, yana huɗa a gonarsu ta Nok garmarsa ta tono shi. Da yake Zipora maginiyar tukwane ce, ita ta wanke shi. Kwana uku suna juya shi a hannu, ita da Gershon, kafin ma'aikatan gwamnati su zo su ɗauka. Bana wani ɗan majami'arsu ya dawo da labarin ya gan shi a babban gidan kayan tarihi da zane-zane na Legas, har da sunan ƙauyensu rubuce a ƙasa.

Yemima malamar firamare ce a Kafanchan, irin mutanen nan da ko gaisuwar mutuwa sai sun tsara a takarda. Ta gano motar da za su shiga, ta kira ƙanen babanta Dogara da ke Legas ya gyara musu masauki, ta rubuta ranakun da ake buɗe gidan. Har hoton kan ta samo a waya. A nan ne ta ci karo da abin da ya kashe mata jiki: komai na cikin gilashi, ba a taɓawa.

To ita Mama, shekara biyu ke nan cutar yana ta rufe mata ido. Haske da duhu kawai take bambancewa. Da hannu take gane jikokinta, da hannu kuma take shirin ganin kan.

Sati biyu Yemima tana kewaye-kewaye. Yau hanya ba kyau, gobe ƙafar Mama ba za ta jure ba. Ranar Asabar ta hau acaɓa zuwa Nok, ta iske an riga an ɗaure jaka, an ɗora zanen zumuntar matan majami'a a kai.

"Mama, akwai magana."

"In na ƙafa ne ki ajiye. Ƙafa nawa ne, ba naki ba."

"Ba za su bari ki taɓa ba. Yana cikin gilas, sun kulle."

Tsohuwa ta ce, "Ko ni da na wanke shi?"

"Ko ke, Mama."

"To me zan je yi? In shinshina gilas?"

Ta yi dariya, amma irin dariyar da ta fi kuka ciwo. Tausayi ya kama Yemima, ta ji haushin kanta da ta ja maganar har aka ɗaure jaka.

Can Mama ta ce, "Ɗebo mini yumɓu a bayan rumbu. Su riƙe nasu. Hannuna ya haddace shi."

Ta zauna gindin mangwaro tana murzawa, tana tsoma yatsa a ruwa. Abinci ya huce a gefenta, kaji suka yi bikinsu. Sai da rana ta karkata sannan ta miƙo.

"Duba da na wayanki. Ya yi kama?"

Yemima ta buɗe hoton. Na Legas dogon kai gare shi, da tukkaye, da idanu masu huda a tsakiya. Ta dubi na hannun Mama: faɗin goshi, kunnen hagu ya ɗan lanƙwashe, ga wani tabo a haɓa, daidai inda lauje ya taɓa yankan mutum ɗaya da ta sani. Shekara shida da binne shi.

"Na ce ya yi kama?"

Da sauƙi Yemima ta ce i a wuce wurin. Amma kewaye-kewayen ya ishe ta haka.

"Mama, ba na Legas ba ne. Baba ne."

Tsohuwa ta mai da shi kan cinyarta. Ta bi goshin da babban yatsa, ta gangaro kunnen, ta tsaya a kan tabon. Ta daɗe a nan.

"Ashe," ta ce a hankali. "To kwance jaka, Yemima. Wannan kam ba wanda zai hana ni taɓawa."