Don Yabawa

A takarda ni ne mataimakin shugaban gidan tarihi na Gure. A zahiri aikina shara ce da faɗa da gara. Ɗaki uku ne gidan duka: ɗaya na sirdunan raƙuma da masu da tsofaffin gugunan rijiya, ɗaya na kayan saƙa da na mata, na ukun biro, wato ofis, inda kwanon rufi ke yoyo daidai kan teburina in damina ta zo. Shugaban, Mushe Bashir kamar yadda muke ce masa da bakin Faransanci, a Damagaram yake zaune, sau uku ko huɗu yake leƙo mu a shekara. Makullai a aljihuna suke. Da safe in goge gilasai, in bi gindin bango ina neman hanyar gara, in ƴan lakwal, yaran makaranta, sun zo in yi ta bayani har muryata ta dishe ina hana su taɓe-taɓe. Sunana Tanimu, shekarata ta huɗu ke nan a wurin.

Aiki ɗaya na yi da nake buga ƙirji da shi, shi ne rajista. Wanda ya kafa gidan, marigayi Malam Garbai, tsohon malamin yaƙi da jahilci ne, duk abin da ya karɓa sai ya rubuta ɗan kati ya ɗaura masa da zare. Da na zo aka ce in kwashe katunan in juya su cikin babban littafi da Faransanci, kowane abu da lambarsa da yadda ya shigo: saye ne, kyauta ce, ko ajiya. Wata bakwai na yi a kai. Mushe Bashir ya sa hannu ya buga hatimi, aka aika Damagaram, aka aika Yamai. Daga ranar, duk abin da aka rubuta saye ko kyauta ya zama dukiyar ƙasa, ba ya fita ƙofa sai da takarda daga sama.

Wata Talata da hantsi ina sharar rairayin da ya taru a bakin ƙofa, sai ga amalanken jaki ya tsaya. Wani mutum da ya kai hamsin ya sauko, ya kamo wata tsohuwa a hankali. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashinta ana ji daga nesa. Muka gaisa, na kawo mata kujera.

"Kai ne ka gaji Garbai?" in ji ta, da Hausar nan ta Barebari.

"Ni ne dai ke riƙe da makulli, Iya."

"To ajiyata na zo ɗauka. Ni ce Yabawa, matar Modu masaƙi. Wannan ɗana ne, Husseini."

Sunan na sani sarai, ni na rubuta shi a rajista. Kalmar ajiya kuwa ta wannan kunne ta shiga ta wancan ta fita. Daɗi ma na ji, na ce yau ga mai kyauta da kanta ta zo ganin kyautarta. Na shige gaba ina washe baki, muka shiga ɗakin saƙa, Husseini yana tallafe da ita.

Akwatin gilas ɗin a tsakiyar ɗaki yake, ba abin da ya fi shi kyau a gidan. Farin saƙi ne na hannu, siraran ƙwaryoyi da aka harhaɗa da ɗinki, irin wanda Barebari ke kira gabaga. A naɗe na same shi cikin akwatin ƙarfe na Malam Garbai, ni na warware shi, na shimfiɗa, na ɗiga masa lamba da tawada a gefe, na rubuta masa bayani cewa mayafin manyan mata ne na zamanin da. Ba wanda ya faɗa min haka. Gani na yi ya yi kama.

Tsohuwa ta dafa gilas ta ƙura wa saƙin ido.

"Wa ya shimfiɗa shi?"

"Ni ne, Iya."

"Mutane suna kallo?"

"Kullum. Ƴan lakwal ma sun fi son sa da komai."

Ta gyaɗa kai. "Likkafanina ne, ɗana."

Husseini ne ya ƙarasa min. Audugar a kwarinsu aka noma ta, uwar da kanta ta kaɗa zaren, uban ya saƙa, kuma shi ne saƙinsa na ƙarshe kafin idonsa ya tafi. Shekarar da ruwa ya kayar musu da ɗaki gara ta shiga komai, sai Modu ya kawo wa abokinsa Garbai abu biyu. Masaƙarsa ya ba da ita har abada, tunda ba zai ƙara zama a kanta ba. Likkafanin kuwa ya ce a sa a akwatin ƙarfe har ranar da mai shi za ta nema.

Na ce su ɗan jira. Na shiga biro na zazzage gwangwanin da nake tara tsofaffin katuna. Na masaƙa ya fara fitowa: Kyautar Modu masaƙi. Na saƙin kuma kalma biyu ce kawai da rubutun Malam Garbai: Don Yabawa.

A Faransanci, kalmar don tana nufin kyauta. Haka ake rubuta ta, haruffa uku, ba bambanci ko na ɗigo. Ni da aka haifa a Damagaram, na sha Hausa a nono, nake cewa don Allah sau ɗari a wuni, na ga kalmar nan na karanta ta da bakin Nasara. Tsohon bai taɓa rubuta kati ɗaya da Faransanci ba, na juya masa katuna sama da ɗari huɗu, na sani. Ga ma inda ya rubuta kyauta da Hausa a katin da ke maƙwabtaka da shi. Amma idona na gudu a kan layi, kaina cike da lakwal, na ga don na rubuta kyautar Yabawa, na wuce na gaba. Wane irin jaki ne ni? Wallahi da wani ne ya yi, da na shekara ina masa dariya.

Na fito na durƙusa gabanta na yi bayani iya yina. Ban ce kuskurena ba ne, na ce an samu kuskure. Ta saurara har na gama.

"Ba kai ke da makullin ba?"

"Ni ne, Iya, amma sai an ba da izini daga sama. Kwana kaɗan ne."

"An yi gudun gara an tad da zago ke nan," in ji Husseini.

"Bar shi," ta ce masa. Ta dube ni. "Ɗana, likita sun sallame ni, ba warkewa na yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa na zo da ƙafata. Abu ɗaya za ka yi min yau. Ka rufe shi, a daina kallo."

Wannan kam na yi. Kafin amalankensu ya sha kwana na ɗauko tabarma na lulluɓe akwatin.

Na kira Mushe Bashir a salula. Ya fara da dariya, da ya gane ba wasa nake ba ya daina. Ya ce in rubuto takarda in bayyana a fili cewa ni na yi kuskuren, shi zai tura Yamai. Sannan ya ce, "Tanimu, ka ji ni da kyau. Abin nan yana da lamba. In ya fita ba takarda, sunansa sata, kuma ni ban san zancen ba."

Nan ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko muni. Takardar da ba ta fi layi goma ba, kwana goma sha ɗaya na yi ban aika ta ba. Kullum in zauna in rubuta in yaga. Ina neman yadda zan faɗi abin ba tare da wani a Yamai ya karanta ya ce ga Bahaushen da bai san don ba. Kunya ce kawai, ba wani abu ba. Ina ta gyaran jimla, tsohuwa tana can tana kumbura.

Da takardar ta tafi ma, bayan sati biyu sai ga amsa. Ana son shaidar cewa marubucin katin Hausa ya nufa, ba Faransanci ba. Malam Garbai ya shekara tara a ƙasa. Na tattara katuna ashirin na ɗauki hotonsu na aika, na nemo tsofaffi biyu suka dangwala yatsa, na kai ma'aikatar magajin gari aka buga hatimi. Aka ce dosiye, wato tarin takardun, ya cika, yana kan tebur, mai sa hannu ya yi tafiya.

Husseini ya zo sau biyu cikin kwanakin. Ba ya zama, a bakin ƙofa yake tsayawa da laka a ƙafa, daga lambu.

"Malam Tanimu, kullum sai ta tambaya. Jiya ta ce ko taɓa shi a kawo mata ta yi, a mayar."

"Ka ƙara haƙuri. Sa hannu kawai ya rage."

"Ni ina da haƙuri. Ita ce ba ta da kwana."

Na ji haushin maganar, in faɗi gaskiya. Na ji kamar in ce masa shi me ya sani game da aikin gwamnati, in aka kore ni shi zai ci da iyalina? Ban faɗa ba. Na raka shi har bakin hanya ina ta ba shi baki, makullin yana ƙara a aljihuna duk takun da na yi.

Ranar wata Alhamis, takwas ta ɗan gota, ina goge gilashin sirdi salula ta yi ƙara. Husseini ne.

"Iya ta cika da asuba. Ƙarfe goma za a kai ta. Mata suna jira, ba su fara haɗa ta ba."

Na yi salati, na ce ga ni nan zuwa. Haka na ce masa, ga ni nan zuwa.

Na janye tabarmar, na fito da makulli, sai na tsaya. Na ce bari dai in sanar, kada a ce ban faɗa ba. Na kira Mushe Bashir sau uku bai ɗauka ba. A na huɗu ya ɗauka da raɗa, ya ce yana cikin taro, in ba shi minti goma ya kira Yamai, wataƙila a ba da izini da baki. Na ce to.

Na tsaya gaban akwatin ina kallon agogo. Minti goma ya wuce, ashirin ya wuce. Na kira, a kashe. Na zauna a ƙasa na tashi, na leƙa ƙofa na dawo. Husseini ya sake kira, na kalli sunansa har ta katse, don ban san me zan ce masa ba. Tara da rabi ta yi, ta gota. Ina ta ce wa kaina yanzu zai kira, in na buɗe kuma izinin ya zo bayan minti ɗaya, na jawo wa kaina laifi a banza. Tsoro ne ya riƙe ni, tsoron takardar kora da tsoron kalmar sata, kuma na san tsoro ne tun a lokacin.

Goma saura kaɗan na sa makulli. Murɗa ɗaya ya buɗe. Na naɗe saƙin yadda na same shi, na rungume, na fita ko ƙofa ban rufe ba. Na tari ɗan kabu-kabu, muka kutsa cikin unguwa, sau biyu rairayi yana kama taya ina sauka ina turawa. A ƙofar gidan ba namiji ko ɗaya, sai tabarmi a shimfiɗe da butoci. Wata dattijuwa ta leƙo, ta dubi abin da ke hannuna, ta gane shi.

"Mun jira ka har liman ya ce rana tana yi," ta ce. "An aika kasuwa an yanko alawayyo."

Muka juya maƙabarta. Tun daga nesa na ga an gama, ana yayyafa ruwa a kan tudun ƙasar ana dannawa da hannu. Na sauka na ratsa cikin mutane da farin ƙunshi a ƙirji, kowa yana matsa min hanya yana kallona. Aka shafa fatiha ina tsaye a baya.

Husseini ya miƙe, hannayensa duk laka har gwiwar hannu. Na matsa kusa na yi masa gaisuwa, ya amsa kamar yadda ya amsa wa kowa. Na miƙa masa ƙunshin.

"Ga shi. Na fito da shi, ba izini ba komai. Laifina ne tun farko, ni na karanta katin ba daidai ba, ni kuma na riƙe takardar. Ka yafe min."

Bai miƙo hannu ba. Ya dubi saƙin ya daɗe, har na ga leɓensa yana motsi.

"Ka mayar, Malam Tanimu."

"Don Allah ka karɓa. Naku ne."

"In yi me da shi?" ya ce a hankali. "Ba ni da wata uwar."

Ya juya ya ci gaba da karɓar gaisuwa. Mutane suka fara watsewa biyu-biyu, uku-uku, ni kuma ina tsaye a wurin da ƙunshin a hannu, na rasa inda zan ajiye shi.