Zazzaɓin Kwamfutar Auta

Ruwa na zagayawa garai-garai a cikin tiyon kwamfutar Auta, amma lambar zafin da ke ƙuryar allo ta ce casa'in da biyar. Ta tsura mata ido. Lambar ta ƙara ɗaya, fankoki suka ɗauki kuka, sai allon ya yi ɗif. Hoton gidan benen da ta ba na'urar ta haɗa ya tafi, ko rabi bai kai ba.

Zanen gine-gine Auta take yi, irin wanda mai gini zai ga gidansa a allo, da tagogi da inuwa, tun ba a haƙa tushe ba. Aikin yana gasa furosesa, wato ɗan guntun da ke yi wa kwamfuta tunani. Shi ya sa da ta tashi haɗa tata da hannunta ta ƙi dogara da fanka kaɗai, ta sa mata ruwa kamar mota: ɗan famfo mai turawa, tanki, lagireto, da farantin jan ƙarfe da ke zaune a kan furosesan yana kwashe zafinsa. Tun da ta cika tankin nan, na'urar ba ta rabu da zazzaɓi ba.

Yayanta, babban ɗan gidan, shagon kayan gini gare shi, kuma ya daɗe da ajiye mata kujera kusa da sikeli. A ganinsa mai hankali ba ya zuba wa lantarki ruwa sannan ya kira abin sana'a. A gaban Baba suka yi magana ta ƙarshe. Idan aikin gidan benen da wani ɗan kwangila ya ba ta, babban aikinta na farko, bai fita ba kafin faɗuwar ranar da mai aikin ya yanka mata, za ta naɗe tiyonta ta je ta zauna a kujerar. Zuciya ce ta sa ta amsa. Ranar kuwa yau ce.

Da hantsi Yaya ya leƙo ɗakin, makullin mota na rawa a yatsansa. Ya dubi baƙin allon, ya tambaya ko marar lafiyar ta sha magani.

"Tsuntsun da ya ja ruwa, Auta, shi ruwa kan doka," in ji shi. "Na sa an goge miki kujerar."

"Ka sa a ƙara gogewa, Yaya. Ƙura za ta sake hawa."

Ya yi dariya ya fita. Ita ba ta yi ba. Tsoron kujerar nan take ji, domin ta san wanda ya zauna kusa da sikelin Yaya ba ya tashi sai da furfura.

Duk abin da ake dubawa ta riga ta duba. Ta goge man da ake shafawa tsakanin furosesa da faranti ta sa sabo. Ta sassauta notuna ta sake ɗaure su bi da bi don farantin ya zauna daidai. Ta karkata akwatin hagu da dama ko iska ce ta maƙale, har kafaɗarta ta ƙage. Ta kara kunne a jikin famfon, ta ji yana gurnani lafiya lau. Masu ba da shawara a waya kuwa sun yi mata yawa, kowa da tasa, yawancinsu cewa suke ta cire ruwan ta huta. Ta kife wayar a kan katifa.

Ta sake kunna na'urar, wannan karon ba ta kalli allo ba. Bayan hannunta ta ɗora a kan lagireto. Sanyi ƙalau. Furosesa na tafasa, inda ya kamata zafin ya je kuma ko labari bai samu ba. Ta durƙusa ta leƙa tankin. Ruwan da ke dawowa, maimakon ya zubo da ƙarfi, tsiyaya yake yi a jikin bango kamar hawaye. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai abin da ya tare hanya.

Ta kashe, ta zare wayar wuta daga bango, ta tsiyaye ruwan a roba, ta kwance farantin ta buɗe cikinsa. Ƙananan layukan da aka tsaga a jikin jan ƙarfen, waɗanda ruwa ke bi, sun cushe da wasu fararen zaruruwa. Ta ciro ɗaya da tsinke ta murza. Santsi gare shi, yana miƙewa ba ya tsinkewa. Tun tana rarrafe ta san wannan abu. Ta kwance ɗaya daga cikin mahaɗan tiyon, ta duba haƙoransa. Ga shi nan, farin tef na masu gyaran famfo, an naɗa shi tsaf, ko gefensa bai leƙo waje ba. Ta kwance na biyu, ta kwance na uku. Duk haka. Aikin gwani ne, kuma gwani ɗaya ne a gidan.

Baba na zaune a inuwar baranda yana shafa wa sifanoninsa mai. Gyaran famfo ya yi duk rayuwarsa, har gwiwa ta ce ya isa, amma hannun bai yarda ya yi ritaya ba. Auta ta shimfiɗa masa zaruruwan a tafin hannu.

Bai musa ba, bai kuma ji kunya ba. Ya ce ranar da ta fita sayen ruwan batir ya shiga ɗakin ya ga mahaɗan tsirara, ƙarfe a kan ƙarfe, ga lantarki a ƙasa. Ya cire su ɗaya bayan ɗaya ya naɗe ya mayar. Bai faɗa mata ba don ya san halinta.

"Baba, waɗannan zoben roba gare su. Shi ke tare ruwa. Haƙoran sun yanka tef ɗin, ya bi ruwa ya toshe mini faranti."

"Ban taɓa ɗaura mahaɗi babu tef ba, kuma ban taɓa barin yoyo a gidan mutum ba."

"Wannan ba bayan gidan mutum ba ne."

Maganar ta fita da kaifi fiye da yadda ta so. Haushi ya cika ta, irin wanda ba a san inda za a sauke shi ba, tunda ƙauna ce ta jawo ɓarnar. Baba ya dube ta ta saman tabarau, ya ce idan ta cire tef ɗin zai ɗiga. Ta ce ba zai ɗiga ba. Ya ce za a gani. Duk wanda ya san gidan ya san inda Auta ta gado taurin kai.

Ta koma ɗaki. Da tsohon buroshin haƙori ta wanke layukan farantin har suka yi ƙyalli. Ta tsince tef ɗin daga kowane mahaɗi, ta ɗauraye tiyo da lagireto, ta mayar da komai, ta zuba sabon ruwa. Da ta kunna famfon, ruwan ya faɗo cikin tanki da ƙarfi har yana kumfa. Ta ba na'urar gidan benen daga farko. Lambar ta hau hamsin, ta hau sittin, ta kai sittin da huɗu, ta tsaya cak. Auta ta zauna a ƙasa ta jingina da gado.

Sai ga Baba da ɗan bencinsa da tsohuwar jarida. Bai nemi izini ba. Ya yayyaga takardar ya shimfiɗa gunduwa-gunduwa a ƙarƙashin kowane mahaɗi, yadda yake yi in ya gama aiki a gidan mutane, ya zauna ya gyara tabarau. Auta ta ƙyale shi.

Inuwa ta miƙe a tsakar gida, aikin ya wuce rabi amma da saura, Yaya ya dawo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi allo, ya dubi agogonsa, ya ce a wannan tafiyar hawainiyar ba za ta kai ba, gara ta kira ɗan kwangila ta ba shi haƙuri, shi kuma gobe da safe zai biyo ya kai ta shago.

"Rana ba ta faɗi ba, Yaya."

"Ta kusa."

"In ta faɗi ka zo. Yanzu aiki nake yi."

Yaya ya juya ga Baba, ya tuna masa a gabansa aka yi alkawari. Baba bai ɗago ba. Ya miƙa yatsa ya shafa ƙasan mahaɗin da ke kusa da shi, ya kai yatsan gaban tabarau ya juya shi. A bushe yake. Ya ɓata fuska.

"Matsa, ka tare mini haske," ya ce. "Ni da yarinyar nan muna da magana a kan abin nan. Na ce zai ɗiga. Ba mai taɓa shi, ba kuma inda za ta je, sai ya ɗiga."

"In bai ɗiga ba fa, Baba?"

Baba ya jawo bencinsa kusa da na'urar, ya gyara zaman wata takarda da ta goce.

"Sai mu yi ta jira."