Wanda Ya Saki Waya

Layi ya kusa zuwa kan Halliru. A gindin sabon turken waya da Nasara suka kafa a bakin kasuwar Illela, Heluma Isa, Bazazzagin da ke kula da aikin tangaraho, ya ajiye wani akwati mai igiyoyin tagulla biyu. Mutum ɗaya yake nema, wanda zai riƙa bin waya yana gyara. Duk wanda ya zo sai ya kama bakin igiyoyin, Heluma ya murɗa hannun akwatin.

Mazan gari suka ɗauka gwajin jarumta ne. Mukhtari ɗan tauri ya kama, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Me ka ji?" in ji Heluma.

"Ban ji komi ba."

Haka na bayansa ma. Kowa ya sha wuya, kowa ya ce lafiya lau.

Halliru kuwa, ko kunama aka ambata sai ya ɗage ƙafa. Ba don damina ta ƙi ba, ga matarsa Tasalla da tsohon ciki, da ba a gan shi a wurin ba. In aikin nan ya kuɓuce, sai dako zuwa Kano, ta haihu ba ya nan.

Ya yi bisimilla ya kama. Heluma bai gama murɗawa ba ya saki, ya yi tsalle da baya, ya zube cikin albasar wani. Kasuwa ta kwashe da dariya.

"Me ka ji?"

"Wuta ta, ranka shi daɗe. Ta bi min hannu har haƙora. Abin ga shina iya kashe mutum."

Heluma ya rufe akwati. "Ranar da hadari ya taso, wanda ba ya jin komai gawarsa zan sauko da ita daga kan turke. Gobe ka zo da sassafe."

Labari ya riga shi gida.

"An ce ka tashi sama kamar zabo," in ji Tasalla.

"Na tashi."

Ya zauna kusa da ita, daɗi da godiya sun cika masa zuciya. "Tun ina yaro nike roƙon Allah shi cire min tsoron ga."

Ta kamo hannunsa da wutar ta bi, ta ɗora a kan cikinta.

"To, daga yau ka bar roƙon."